Daga kasha zuwa takiyya: me ya sauya ga marasa muhalli a Khartum?

Tambayar ta zo ne daga wata malama a Gadarif da ke gabashin Sudan, wadda makarantarsu ta zama masaukin 'yan gudun hijira tun bayan ɓarkewar yaƙi a 2023. Ta ce: "Baba, sa'ad da muke yara a Khartum, in an ga yaron da ke kwana a kasuwa sai a ce mu riƙe jakarmu da kyau, kuma motar 'yan sanda kan zo ta kwashe su. Yau ina ganin waɗanda suka saba tsawata musu suna zuba musu abinci da hannunsu. Shin manufar hukumomin birni ce ta sauya, ko zukatan mutane ne kawai suka yi laushi? Kuma laushin zai ɗore?"

'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi da bayinsa. Na shafe mafi yawan shekarun aikina tsakanin tsara filaye da walwalar jama'a, don haka zan amsa miki da abin da na sani game da Khartum, tun da ita sauran birane suke kwaikwayo. Zukatan mutane sun sauya ƙwarai, doka ta ɗan sauya a rubuce, amma yadda hukumar birni take aiki yana nan inda yake. Har yau tambayar farko da take yi wa mutum ita ce ina takardar da ke nuna ya cancanci zama inda yake, kuma sai an gama da wannan ake waiwayar maganar inda zai kwana.

Marasa muhalli a Khartum ba su taɓa zama abu ɗaya a idon hukuma ba. Yaron da ke kwana a Suk al-Arabi ko a tashar mota, wanda jama'a ke kira shamasi, lamarinsa yana hannun 'yan sanda da ma'aikatar walwala. Iyalin da suka kafa rakuba da buhu da kwali a filin da ba nasu ba suna hannun ma'aikatar filaye, wadda ke kiran mazauninsu ashwa'i. Wanda yaƙi ko fari ya koro, nazih ne, a miƙa shi ga hukumar agaji. Akwai kuma waɗanda ba kasafai ake tunawa da su ba, wato iyalan masu gadi da ke zaune a benayen da ba a gama ginawa ba a unguwannin masu hali irin su Riyad da Ta'if, waɗanda ranar da mai gini ya samu kuɗin sa ƙofa da taga, ranar za su ɗaure kayansu. Sau da yawa gida ɗaya ne ke ratsa duk waɗannan matakai: uba ya zo a nazih, ya zama mai gadi, ya koma ashwa'i, ɗansa kuma ya ƙare a kasuwa. Da yake kowane mataki da ofishinsa, babu ofishin da ke ganin labarin daga farko har ƙarshe.

Tunanin cewa maganin talaka a birni shi ne a matsar da shi gaba ya girmi 'yancin kai. Turawan Ingila sun kasa filayen zama daraja-daraja, ta ɗaya da ta biyu da ta uku, suka bar leburori a unguwannin da ake kira Duyum, bayan layin dogo, kuma daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon na 1950 aka rushe tsofaffin Duyum ɗin aka mayar da mutanensu kudu. Sai dokar 1970 ta zo ta mayar da duk filin da ba shi da rajista mallakar gwamnati, ta yadda wanda ya gina ɗakin laka a bayan gari, komai daɗewarsa a ciki, baƙo ne a filin hukuma. A farkon shekarun 1980, zamanin Numairi, kasha ta zama ruwan dare: 'yan sanda su tare kasuwa ko tasha, su kwashe duk wanda ba shi da katin shaida ko shaidar wurin aiki, a loda su a manyan motoci a fitar da su daga babban birni. Da fari ya tsananta a 1984, mutanen Kordofan da Darfur suka taru a Muwailih, yamma da Umdurman, gwamnati ta jima tana ƙin amsa cewa akwai yunwa, har ta gwada mayar da su garuruwansu a motoci, alhali mutanen gari suna kai musu abinci da tufafi. Kin ga ke nan tazarar da kike gani yau tsakanin jama'a da hukuma tsohuwa ce.

Yaƙin Kudu, wanda ya sake ɓarkewa a 1983, ya turo dubban ɗaruruwan mutane Khartum, sannan ambaliyar Agustan 1988 ta narkar da gidajen laka ta bar fiye da mutum miliyan ɗaya a fili. A 1990 gwamnatin Bashir ta fitar da ƙuduri mai lamba 941 a kan unguwannin ashwa'i, kuma Dakta Sharafuddin Bannaga, wanda ya riƙe ma'aikatar gidaje ta jihar Khartum tsawon shekarun 1990, shi ya jagoranci aiwatarwa. Wanda ya cika sharuɗɗa ana ba shi fili, ko dai a inda yake bayan an fitar da tituna, ko a sababbin unguwannin Darussalam da ke bakin hamada. Waɗanda aka lasafta a nazihai, galibinsu mutanen Kudu da na Duwatsun Nuba, aka kai su sansanoni 4, wato Wad al-Bashir da Jabarona a Umdurman, da Mayo, da Jabal Auliya mai nisan kimanin kilomita 40 daga tsakiyar gari. A wannan zamanin ne aka tayar da Ishash Fallata, inda kakanninmu da yawa suka yada zango a hanyar Makka, aka mayar da mutanenta Ingaz.

Ba zan ce miki tsarin bai amfani kowa ba. Iyalai masu yawan gaske sun mallaki fili da takarda a karon farko, kuma waɗansu unguwannin da suka fara da sayen ruwa a amalanken jaki daga baya sun samu wuta da makaranta. Sai dai a dubi sharuɗɗan: shaidar zama ɗan ƙasa, shaidar iyali, shaidar cewa mutum yana wurin kafin shekarar da aka yanke, sannan kuɗin rajista. Tuzuru, da bazawarar da aka ɗaura aurenta a ƙauye ba takarda, da ɗan hayar da ba shi ya gina ɗakin ba, da yaron da ba shi da kowa, duk sun zube ta ƙasan rariya.

Abin da masu tsarawa ba su sa a lissafi ba shi ne nisa, kuma a ganina nan ne tushen matsalar yaran titi. Matar da ke wanki a gidajen Amarat, ko take sayar da shayi a bakin ma'aikata, in aka kai ta inda sai ta hau mota biyu ko uku kafin ta iso, za ta fita kafin asuba ta dawo bayan isha, kuɗin mota kuma ya cinye kaso mai tsoka na abin da ta samu. Ɗanta mai goge takalma ko wanke mota, ranar da bai haɗa kuɗin komawa ba sai ya kwana a kasuwa, gobe ma haka, kafin wata ya zagayo ya yi abokai, ya koyi shaƙar silisiyon, wato gam ɗin facin taya, don ya rage jin yunwa da sanyi, gida kuma ya zama wurin kai ziyara. Mafi yawan yaran da na yi hulɗa da su a wurin aiki iyayensu suna raye, kuma sun san hanyar gidansu sarai. Hukumar da ta rushe unguwar da ke kusa da abin yi ita ce kuma ke aiko mota ta kwashe yaran da rusau ɗin ya jefa titi.

Maganar takarda ta shafe mu Hausawa fiye da yadda matasa suka sani. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna Sudan tun ƙarshen 1897, alhali babban ayarin mutanenmu ya iso ne bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda a bayansa aka kafa garin Mai Wurno. Daga baya an sassauta, har dokar 1994 ta mayar da shekarar 1956, amma sassaucin bai hana jami'i neman ƙarin shaidu da zarar ya ji sunan ƙabila ba. Wanda bai samu jinsiyya ba, wato takardar zama ɗan ƙasa, bai shiga rabon fili ba, 'ya'yansa suka tashi a ashwa'i, kuma da lambar ɗan ƙasa ta zo bayan dokar rajistar jama'a ta 2011, wanda ubansa ba shi da takarda ya sake shan wahala kafin ya samu. Haka abin yake ga mazauna kanabi, wato sansanonin leburorin gona, a Jazira, waɗanda suka yi zuriya bayan zuriya suna aikin auduga ba tare da yawancinsu sun samu filin zama mai rajista ba.

Inda doka ta fi motsawa shi ne batun yara. A farkon shekarun 1990 ana kwashe su a kai su sansanoni a wajen gari, irin na Abu Dom da ke arewa da Khartum, sau da yawa ba tare da an nemi iyayensu ba, abin da ƙungiyar Human Rights Watch ta yi rahoto a kai a 1995. Dokar tsarin jama'a ta jihar Khartum ta 1996, wadda aka fi tunawa da ita saboda takura wa mata, ta haramta bara da gararamba. Daga baya aka buɗe sashen 'yan sanda na kare iyali da yara a 2007, sannan dokar yara ta 2010 ta faɗa a fili cewa gararambar yaro ba laifi ba ce da ake hukuntawa. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ƙungiyoyin gida irin su Sabah, da ke aiki da waɗannan yara tun shekarun 1980, suna da kaso a ladansa. Amma a tsakiyar 2011 aka wayi gari ana tsintar gawarwakin gomman yara da samari marasa muhalli a titunan Khartum da Umdurman bayan sun sha sibirto, wato sinadarin barasa, mai guba. Garin ya yi 'yan kwanaki yana jimami, aka ci gaba da kasha.

Yanzu ga zukatan mutane. Sudan ba ƙasar da ake ƙyamar sadaka ba ce. Kowa ya san yadda ake shimfiɗa tabarma a bakin titi a watan azumi ana tare matafiya su sha ruwa, kuma ɗan hanya yana cikin rukunai 8 da ayar zakka ta ambata. Amma tausayin yana da iyakar da aka sani ko da ba a furta ta ba. Makaho a ƙofar masallaci da almajirin halwa, wato makarantar allo, suna da gurbi a tunanin jama'a, ana ba su ana neman lada. Shamasi kuwa ana ganinsa ɓarawon gobe, kuma launin fatarsa da yankin da ake zaton ya fito suna cikin abin da ke sa a matsa gefe, ko da mai matsawar zai rantse ba haka ba ne. Mu kanmu ba mu kuɓuta ba, domin a unguwanninmu an sha gargaɗin yaro kada ya zama shamasi, alhali wasu da wannan idon suke kallon namu yaran.

Karon farko da abin ya sauya a bainar jama'a shi ne zaman dirshan na gaban hedikwatar soja, daga 6 ga Afrilu zuwa 3 ga Yunin 2019. Yaran da dama can a yankin suke kwana suka samu kansu a tsakiyar taron, suna cin abinci a faranti ɗaya da ɗaliban jami'a, suna tsaron shingaye, an kuma kafa musu tantuna ana koya musu karatu da zane. Da aka tarwatsa zaman da bindiga suna cikin waɗanda abin ya rutsa da su, kuma su ne ba su da mai zuwa cigiyarsu. A ƙarshen Nuwamban shekarar gwamnatin Hamdok ta soke dokar tsarin jama'a, sai dai sokewar ba ta gina wa kowa ɗaki ba, kuma kafin a tsara wani abu juyin mulkin Oktoban 2021 ya zo.

Mu mun ɗanɗana abin kafin sauran jama'a. Rikicin ƙabilanci na jihar Nilul Azrak na Yulin 2022 ya fitar da dubban mutanenmu daga Rusairis da Damazin da ƙauyukan kewaye, manoma da 'yan kasuwa masu gidajen kansu suka koma kwana a azuzuwa a Sinnar da Rabak. Ranar 15 ga Afrilun 2023 kuma, da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF, abin ya game kowa. Likita da alƙali da malamin jami'a suka bar gidajen da suka ƙare ƙuruciyarsu wajen ginawa, suka tarar da haya a Madani da Atbara da Bur Sudan ta fi ƙarfinsu, kuma da Madani ta faɗi a Disamban shekarar suka sake gudu zuwa wajenku a Gadarif da Kasala. A 2024 waɗanda suka rasa matsuguni a cikin ƙasa sun haura miliyan 10. Wanda ya taɓa bin layin takiyya, wato wurin rabon dafaffen abinci kyauta, da kwano a hannu, yana jiran matasan ɗakunan agajin gaggawa su zuba masa adas ko balila, da wuya ya ƙara yi wa mai kwana a titi kallon da yake yi masa a da. Wannan ne sauyin da kike gani, kuma na gaskiya ne.

Game da ɗorewarsa kuwa ina da shakka, saboda abin da ya riga ya fara faruwa. Tausayin da yaƙi ya haifar ya fi karkata ga wanda yake da gida ya rasa, domin kowa na iya ganin kansa a halinsa. Shi wannan yana da takardar fili a jakarsa, ko lambar filinsa a ofishin rajista, kuma ranar da hanya ta buɗe zai koma, ya tarar an wawashe gidan, amma dai nasa ne. Wanda dama can a rakuba yake, ko a benen wani, in ya koma ba shi da abin nunawa. Tun 2024, da jihohin gabas da na arewa suka fara buɗe makarantu, aka riƙa fitar da 'yan gudun hijira daga azuzuwa, wani lokaci da 'yan sanda, ko da yake iyayen da 'ya'yansu suka shekara ba karatu ba su yi laifi ba da suka matsa a buɗe. Bayan sojoji sun karɓe Khartum a Maris na 2025, hukumomin jihar suka dawo da rusau a unguwannin ashwa'i, da hujjar cewa maɓoyar ɓarayi ce da masu haɗa baki da dakarun RSF. Satar da aka yi wa gidajen mutane gaskiya ce, fushinsu kuma yana da dalili, amma hukunta unguwa sukutum saboda laifin wasu daga cikinta komawa ne ga tunanin kasha, tare da ƙarin zargin cin amanar ƙasa, wanda ya fi zargin ƙazanta haɗari nesa ba kusa ba. Na ji mutanen da su kansu sun kwana a makaranta suna yaba wannan rusau, ba su ga wani saɓani a cikin hakan ba.

Wasu matasa kan kawo misalin Finlan, wadda tun 2008 take fara ba mutum gida kafin a nemi ya bar shaye-shaye ko ya samu aiki, kuma marasa muhallinta sun ragu sosai. Tsarin yana da kyau, amma ya dogara ne da gwamnati mai kuɗin sayen gidaje ga mutanen da ba su wuce 'yan dubbai ba. Abin da ya dace da mu ya fi haka araha, kuma an taɓa yin sa a sassan Umbadda da Haj Yusuf: a tsara unguwa a inda take, a fitar da titi da hanyar ruwa, a ba mazauna takarda. Da wannan za ki auna duk sanarwar da kika ji daga hukuma. In an ce za a tayar da mutane, ki tambaya ko an ƙidaya su kafin rusau, ko ɗan haya da macen da ke riƙe da gida suna cikin lissafi, ko za a karɓi shaidar maƙwabta da limami a madadin takardar da ta ƙone, da kuma nisan sabon wurin daga kasuwar da suke neman abinci. Diwanin zakka ma, da zai biya wa iyali hayar 'yan watanni, da ya fi buhun dawar da ake rabawa gaban kyamara hana yaro fita titi.

Ku kuma a makarantarku, tun da ba makawa wata rana za a ce a tashi, kada ku jira ranar. Ku rubuta kowane iyali da unguwar da suka fito da irin zaman da suke yi a can, mallaka ko haya ko gadi ko ashwa'i, domin masu gadi da 'yan ashwa'i su ne ba su da inda za su koma, kuma sunayensu ya kamata kwamitinku ya fara kai wa mahalliya, wato ƙaramar hukuma, da ofishin zakka. Ku taimaka wa wanda ba shi da lambar ɗan ƙasa ya nema tun yana kusa da dattawan da za su tsaya masa shaida, ku kuma tabbatar an yi wa jariran da aka haifa a makarantar takardar haihuwa. Yaran da suka zo ba tare da babba ba, da waɗanda kika lura sun fara kwana a kasuwar Gadarif suna leƙowa jefi-jefi, a buɗe musu rajista ta daban, a sanar da sashen kare iyali da yara tun yanzu, sannan a nemi danginsu ta hannun ƙungiyar agaji ta Hilal Ahmar, wadda ke aikin haɗa iyalan da yaƙi ya raba.